Ruwan Randar Napari

A Tolinyili babu wanda ya taɓa kiran Napari mayya a gaban idonta. Mu Dagomba muna da kunya, ba ma yin haka. Abin da aka yi kawai, aka daina shan ruwanta.

Abin ya samo asali ne tun shekarar da ɗan maƙwabcinta ya yi zazzaɓi, ya riƙa kiran sunanta cikin magagin ciwo har ya cika. Ita ce mai ba shi gyaɗa kullum, shi ya sa sunan ya zauna masa a baki, amma wa zai tsaya bin wannan? Mijinta ya riga ya rasu. Ɗanta tilo ya tafi kudu aikin gonar koko, tun ana jin labarinsa har aka daina. Sarki ya ce babu hujja, ba za a kore ta ba, sai mutane suka yi mata korar da ba ta buƙatar izinin sarki. Ana gaishe ta dai, amma ta saman katanga, ana tafiya ana gaisuwar kamar mai tsoron kare. Man kaɗanyar da take yi sai ta kai shi kasuwar Sabelugu, inda ba a san ta ba. A wurinmu kuwa baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai an miƙa masa ƙwaryar ruwa ya kurɓa, to ƙwaryar baƙin Napari tana nan rataye a bango har gizo-gizo ya yi gida a ciki. Da zabbinta take hira, su ma sai lokacin watsa dawa suke sauraronta.

A wancan zamanin kurkunu ne sarkin rani. Da zarar rijiyoyi sun ƙafe an koma shan ruwan dam, wato madatsar ruwa, sai ka ga rabin gari a kwance, ƙafa a kumbure, ana naɗe farar tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Tsofaffi suka ce abin a jini yake, kowa da nasa aka haife shi, in lokacinsa ya yi ya fito. Napari ma haka ta sani, haka uwarta ta gaya mata.

Sai ga shi wata shekara an kawo wani shiri makarantar firamare. Malam Wumbei, shugaban makarantar, ya tara manyan yara, ya ɗebo ruwan dam a kwalba, ya ba su gilashin ƙara girma suka leƙa. Suka ga ƙananan ƙwari suna tsalle a ciki, har wata yarinya ta yi amai. Aka raba musu koriyar riga da ƙyallen tace ruwa, wato mataci, aka raba musu gidajen gari: kowane yaro ya koya wa gidajensa tacewa, in gida ya iya, ya tsoma tafin hannunsa a shuɗin fenti ya manna a katanga, ya wuce gida na gaba. Da aka zo kan gidan Napari, kowa a ajin ya ga abin kallo a ƙasa.

Tiyumba ce ta ɗaga hannu, 'yar Mahama mai gyaran keke. Siririya ce kamar sillen kara, ga baki, uwarta ma ta gaji da ita.

Napari tana tsince ƙwarar kaɗanya ta ji sallama a cikin gida, ba ta saman katanga ba. Ta ɗaga kai ta ga yarinya ta durƙusa tana gaishe ta yadda ya kamata. Sai da ta waiga bayanta, ko da wani ake.

"Kaka, Malam ya aiko ni in koya miki shan ruwa."

"Shan ruwa? Ke 'yar nan, tun kafin a yanke wa ubanki cibiya nake shan ruwa."

"Shi ya sa duk ƙafarki tabo."

Napari ta dubi ƙafafunta, dariya ta kubce mata, wata irin dariya mai tsatsa da ta daɗe ba ta fito ba. Ta tashi ta sauko da ƙwaryar baƙi, ta wanke ta har sau biyu, ta nufi randa.

"A'a, tsaya! A tace tukuna."

Yarinyar ta ɗaga matacin ta duba shi a hasken rana, ta ɗaura a bakin wata tukunya, ta nuna mata gefen da ke kallon sama, ta zuba ruwan a hankali. Sannan ta karɓi ƙwaryar ta kafa kai. Napari ta tsaya tana kallon maƙogwaron yarinyar yana hawa yana sauka. Wallahi da za a ce ta ba da zabbinta duka don a maimaita mata wannan, da ta bayar.

Daga ranar kullum bayan an tashi makaranta Tiyumba na tafe. Ta duba mataci, ta yi faɗa, ta ci gyaɗa, ta ba da labarin wanda Malam ya zane da wadda ta yi fitsari a aji. Napari ta fara shara tun hantsi. Ta fara dafa abin da ya fi cikinta.

Amma tana ganin shuɗin hannu yana bayyana a katangun unguwa ɗaya bayan ɗaya, ta kuma lura gidan da aka manna wa hannu, yaron ba ya komawa. Nan hankalinta ya tashi. Sai ta zama daƙiƙiya da gangan. Yau ta kifa matacin a juye, gobe ta wanke shi a cikin ruwan da ta tace, jibi ta ce ta manta inda ta ajiye.

"Kai, Kaka! Kanki kamar dutsen niƙa. Ɗan akuya ma da ya iya yanzu."

"To ki je ki koya wa ɗan akuyan mana."

"Shi ba ya soya gyaɗa."

Wasa ya yi wasa, har ranar da Tiyumba ta zo fuska a murtuke. Ta ce Malam ya ce gidan nan kaɗai ya rage mata, ana yi mata dariya a aji, ranar Juma'a za ta zo da fenti ko ana ha-maza ha-mata. Napari ta ga idon yarinyar ya kawo ruwa, ta san wasan daƙiƙanci ya ƙare. A gabanta ta tace ruwa tsaf, babu kuskure ko ɗaya.

Ranar Juma'a da safe ta dawo daga dam, ta zauna da matacin a cinya, tana juya shi. Dabara ta faɗo mata. In ya huje, dole a jira sabo daga Sabelugu, kuma ba a manna hannu a gidan da ba shi da mataci. Ta san abin da yarinyar ke fara yi kullum shi ne ɗaga shi a rana. Ta ciro ƙayar bagaruwa ta soka, ta sa ɗan yatsa ta buɗa hujin. Sannan ta ɗaura shi haka nan a bakin randa ta juye ruwanta, don a zuciyarta duk wannan tace-tacen wasan yara ne da Malam ya ƙirƙiro. Tsutsar da ke cikin jini, me ya haɗa ta da ƙyalle?

Tiyumba ta shigo da gudu da azahar, gwangwanin fenti a hannu, gumi har wuya. Ba ta durƙusa ba, ba ta nemi mataci ba. Ta ce, "Wash, Kaka, ƙishi zai kashe ni," ta wuce kai tsaye ta buɗe randa, ta ɗebo da kanta kamar 'yar gida.

Napari ta buɗe baki. Allah ya sani ta buɗe. Amma tun tafiyar ɗanta babu wanda ya shigo gidan nan ya buɗe randa bai tambaya ba, daɗin abin ya riƙe mata harshe. Kafin ta haɗiye miyau yarinyar ta shanye ta ƙara.

"Ba ki duba mataci ba," in ji Napari, murya ƙasa-ƙasa.

"Na yarda da ke ai. Kin ci jarrabawa."

Ta tsoma hannu a fenti ta manna a katanga, ta ruga. Napari ta zauna tana kallon ɗan hannun yana bushewa. Ranar ko tuwo ba ta tuƙa ba.

Washegari da yamma sai ga sallamar Tiyumba.

"Me kika manta?"

"Na manta ban cinye miki gyaɗa ba. Au, Kaka, kin ɗauka don fenti nake zuwa?"

Ka ji fa. Ashe duk wahalar banza ta yi. Tiyumba ta ɗaga matacin kamar yadda ta saba, ta ga rana ta leƙo ta tsakiyarsa, ta yi salati.

"Ɓera ne," Napari ta yi maza ta ce.

"Yaushe?"

"Daren jiya."

Yarinyar ta sa aka zubar da ruwan randar, ta kawo nata matacin na gida kafin sabo ya iso. Magana ta wuce, Napari ma ta manta da ita, ko ta ce wa kanta ta manta.

Shekarar nan ita ce mafi daɗi da Napari ta gani tun mutuwar mijinta. Da damina suka shuka kuɓewa a bayan ɗaki. Tiyumba ta koyi kaɗa man kaɗanya, ta koya wa tsohuwar rubuta harafin farko na sunanta a ƙasa. Uwar yarinyar, Sanatu, ta hana ta zuwa, ta yi duka, ta gaji ta zuba ido. Har wata maƙwabciya ta fara tsayawa a bakin ƙofa in za ta yi gaisuwa, ko da yake ba ta shiga.

Rani ya zagayo, aka koma ruwan dam, abin mamaki babu wanda ya kwanta. Tsofaffin da suka ce a jini yake suka fara sosa ƙeya. Malam Wumbei yana tafiya kamar zai tashi sama, ana cewa manya za su zo daga Tamale su ga garin da yara suka kori kurkunu, kuma Tiyumba ce za ta yi jawabi.

Ana cikin haka, wata rana a aji, idon sawun Tiyumba ya ɗau zafi kamar an ɗora garwashi. Kafin mako bororo ya fashe, farin kai ya leƙo.

Gari ya ɗauka. Yarinyar da ba ta shan ruwa sai ta ɗaga ƙyalle a rana, ita ce da kurkunu? Ruwa ba ya tsami banza. Ina take wuni? Gidan wa take ci? Sanatu ta zo ta tsaya a bayan katangar Napari tana kuka tana cewa, "Na faɗa, na faɗa, ba a ji ba." Samari suka fara taruwa a gindin darbejiya suna kallon gidan, ba sa cewa komai. Napari ta san irin wannan shirun. Ta san ƙauyen da ake kai tsofaffi irinta da aka zarga da maita, da ƙullin kaya a ka, ba a dawowa.

Aka kira zama a ƙofar sarki, aka ɗauko Tiyumba a bayan keken ubanta. Napari ba ta je ba, daga bakin masu wucewa ta tsinci abin da ya faru. Wai yarinyar ta ce a bar tsohuwa ta huta, babu maita a ciki. Wai bara da rani, a hanyar dawowa daga kasuwa, ƙishi ya dame ta ta durƙusa ta sha a kududdufi, ba ta gaya wa kowa ba. Malam Wumbei ya sunkuyar da kai. Ya ce ba don mugunta ba, amma ba za ta tsaya gaban gari da koriyar riga ba, ta cire a ba wani. Samarin gindin darbejiya suka watse, da alama ba su ji daɗin ƙarshen ba.

Da yamma yara suka wuce ta bayan gidan suna waƙa suna tafi: mai tace wa gari, ta manta cikinta. Napari ta toshe kunnuwa. Ta san Tiyumba ba ta taɓa durƙusa wa kududdufi ba, ko za ta mutu da ƙishi. Ta kuma san abin da ke ƙarƙashin zaninta: kwana da kwanaki ke nan ƙwaurinta na ci da wuta, ta ɗaure shi da ganye, ta daina zuwa dam don yarinyar ta ce mai kurkunu in ya shiga ruwa ya zuba wa gari duka. Randarta ta kusa ƙafewa. Ruwa ɗaya suka sha rana ɗaya, ga shi ya fito musu wata ɗaya. Babu sauran zancen jini.

Da hantsi ta ɗauki sanda ta ɗingisa zuwa makaranta. A bayan azuzuwa an kafa rumfa inda ake ajiye masu kurkunu har tsutsar ta gama fita, bana kuwa Tiyumba kaɗai ce a ciki. Madam Katumi, ma'aikaciyar lafiya, ta tare ta a ƙofa.

"Iya, ba a shiga. Uwarta ta ce ko inuwarki kada ta gani."

Napari ta ɗage zani ta kwance ganyen. Madam Katumi ta duba, ta ja tsaki, ta matsa mata hanya.

Aka zaunar da ita a benci kusa da Tiyumba, kowacce da ƙafarta a cikin bokitin ruwa don tsutsar ta saki. Yarinyar ta rame, tana sanye da tsohuwar rigar uwarta. Da ta ga Napari fuskarta ta washe.

"Kaka! Ke ma? Shi ke nan, yanzu sa yi shiru, ai mayya ba ta cin kanta. Kin kawo gyaɗa?"

"Ban kawo ba."

"To me amfaninki?"

Madam Katumi ta fita ɗebo bandeji. Napari ta kalli ruwan bokitinta. Da ta yi shiru, da shi ke nan: ga yarinya a gefenta, ga gari ya wanke ta, ga makonni a gaba su biyu a rumfa ɗaya suna hira. Ba ta taɓa samun abin da take so a kusa haka ba.

"Tiyumba, ba ki sha a kududdufi ba."

"Sss! Rage murya. Na sani mana. Ɓeran nan ne, ina jin ya huda matacin tun kafin daren da kika ce. Ba laifinki ba ne, idonki ba ya gani sosai. In na faɗa musu a gidanki ne, kin san abin da za su yi."

"Babu ɓera."

Yarinyar ta juyo.

"Ni na huda shi. Da ƙaya, ranar Juma'ar da safe. Na ce in kin ga ya huje ba za ki manna hannu ba, za ki ci gaba da zuwa. Ban yarda tsutsa na cikin ruwa ba, 'yar nan, wallahi ban yarda ba. Tsoro nake ji ki tafi in koma magana da zabbi."

Daga aji ana jin yara suna maimaita karatu da ƙarfi. Tiyumba ta daɗe tana kallonta, irin kallon da take yi wa mataci a rana.

"Lokacin da na buɗe randar, kin san a huje yake?"

"Na sani."

"Kina zaune kina kallona."

"Ina kallonki."

"Har na ƙara."

Hawaye suka zubo wa yarinyar, ba ta share ba.

"Zan je ƙofar sarki in faɗa," in ji Napari. "A mayar miki da rigarki. In sun kore ni, sun kore ni."

"Ba za ki je ba." Muryar ta fito a bushe, ba irin ta yara ba. "In kin faɗa ba za su ce ƙaya ba, za su ce maita. Duk wanda muka koya wa tacewa zai yar da matacinsa ya ce ga inda ciwon yake. Kuma za su kai ki can. Na riga na ce kududdufi, kududdufi ne. Kada ki gaya wa kowa har ki mutu."

"To ki yafe mini."

"Da kin ce mini in riƙa zuwa kawai. Magana ɗaya ce fa."

Madam Katumi ta dawo da bandeji da tsinke, tana mita a kan zafin rana. Ta tsuguna za ta fara da yarinyar.

"Madam," in ji Tiyumba, "don Allah a mayar da tabarmata wancan gefen."

"Me ya faru? Ba kakarki ba ce? Na ɗauka za ku ishe ni da surutu."

"Ba kakata ba ce. Gidanta aka ba ni a makaranta, kuma na gama."

Ta ciro ƙafarta daga ruwa, ta ja bokitin da hannu ɗaya tana ɗingishi, ruwa na fantsama, har ƙarshen rumfar. Ta zauna ta ba da baya.

Madam Katumi ta ɗaga kafaɗa, ta juyo kan Napari, ta kama kan tsutsar ta fara naɗewa a hankali. Ta ce wannan doguwa ce, Iya, sai kin yi haƙuri, za ku daɗe a nan ke da ita. Napari ta ce to.